Lamba Goma Sha Ɗaya a Babi Na Biyar

Kun sha tambayata abin da ya raba ni da Malam Buhari na Bakura, mutumin da kuka tashi kuna ganin babur ɗinsa a ƙofar shagona kusan kowace Talata. Na san abin da ake faɗa a gari. Wasu sun ce na ɓata masa littafi, wasu sun ce na tona masa asiri. Kowace maganar da ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ba haka abin ya bi ba. Yanzu da idona ya fara gajiya da gilashin kwamfuta, gara in rubuta muku shi da kaina, don kada bayan raina ku ji shi a bakin wanda ba ya wurin.

Ni da tafireta na koyi aiki, kuma da ita na yi shekaruna a ofis har na yi ritaya. Da na buɗe ɗan shagona kusa da tasha a nan Mafara na sayi kwamfuta, sai na ɗauke ta tamkar tafiretar da ba ta ƙara. Duk abin da hannuna ya saba, shi na ci gaba da yi. In ina son kan babi ya zauna a tsakiyar shafi, sai in yi ta danna dogon madannin tazara har ya gusa inda idona ya gamsu. In ina son sabon babi ya faɗa sabon shafi, sai in yi ta sauko da layi ba komai a cikinsa har shafin ya cika. Lamba kuwa, kowace da yatsana nake buga ta, in ƙanƙanta ta, in ɗaga ta sama. A kan takarda aikin yana fita fes, har daga Jangebe da Maradun ana kawo mini, kuma ban taɓa tunanin akwai wani abu a ƙarƙashinsa da zai dawo ya same ni ba.

Malam Buhari malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyukan Bakura, daga Birnin Tudu zuwa Dakko, har ya ƙetara ƙasar Maradun, kuma duk inda ya zauna da tsofaffi sai ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta abin da suka faɗa. Da ya aje aiki sai ya haɗa tarihin fadamun yankin: wa ya fara share wace, yaushe aka haƙa wace rijiya, wace irin shinkafa ake shukawa kafin a kawo ta zamani. Ni na buga masa shi tun daga shafin farko. Abin da ya fi alfahari da shi a littafin shi ne madogara. Duk maganar da ya kawo, akwai 'yar lamba a ƙarshenta, in ka je bayan littafin ka nemi wannan lambar a ƙarƙashin babin, za ka ga sunan wanda ya faɗa masa da garin da suka zauna. Yakan ce maganar da ba ta da mai ita, shi ba ya rubuta ta. Aka buga littafin, aka yi masa addu'a, ya shiga hannun mutane, ni kuma na ajiye rubutunsa na hannu a cikin adakata kamar yadda nake yi wa kowane babban aiki.

Bayan shekara tara, 'yarsa Saratu ta zo shagon. Malamar makaranta ce, mai natsuwa, kuma tun tana ƙarama Inna take ce mini. Ta ce na takarda ya ƙare, 'yan yankin da ke karatu a nesa suna ta nema, shi ya sa take son a mai da littafin irin wanda ake karantawa a waya. Na ce ai abu mai sauƙi ne, fayil ɗin yana nan. Muka zuba shi a wayarta don mu gwada, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Kan babi ya karye gida biyu, rabi can rabi nan. Wani wuri fari fat, sai ka yi ta ja kafin ka tarar da rubutu. Lambobin madogara sun sauko sun manne da kalmomi, kuma in ka taɓa su ba sa kai ka ko'ina.

Saratu ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta yi mini bayani a hankali, cewa waya ba ta da shafi, rubutu yana bin girman gilashin da girman harafin da mai karatu ya zaɓa, don haka duk tazarar da na yi da hannu sai an kwashe ta. Dole a gaya wa kwamfutar wannan kan babi ne, wannan sakin layi ne, wannan maganar wani ce aka ɗauko, ta hanyar sa wa kowanne alamarsa. Sannan kowace lamba a ɗaure ta da madogararta, yadda mai karatu zai taɓa ta ta kai shi, ya sake taɓawa ta dawo da shi inda ya tsaya.

Ta ce, “Inna, in ya yi miki yawa sai in kai Gusau.”

Na ce, “Ni na dagula shi, ni zan warware shi. Ki dai nuna mini sau biyu.”

Damina ce lokacin, aiki ya yi sauƙi a shago domin kowa yana gona. Kowace safiya in akwai wuta sai in zauna da babi ɗaya. Akwai wani madanni da Saratu ta nuna mini, wanda in ka danna shi duk abin da ke ɓoye a rubutun sai ya bayyana, kowace tazara ta zama ɗigo. Ranar da na fara danna shi kunya ta kama ni ni kaɗai a shago, don shafin ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero a tabarma. Haka na yi ta tsince su. Amma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin. A shekaruna ban zaci zan sake koyon wani abu a sana'ar da nake ganin na ƙure ta ba. Babi na ɗaya zuwa na huɗu suka tafi lafiya, lamba tana haɗuwa da madogararta ɗaya bayan ɗaya.

A babi na biyar na tsaya. Na ɗaura lambobin har na kai ta goma sha biyar, na je baya in ɗauko madogararta, sai na tarar jerin ya ƙare a goma sha huɗu. Na sake ƙirgawa, haka dai. Da na koma gida da azahar na buɗe adaka na fito da rubutun Malam na hannu, sai ga wata 'yar takarda maƙale da allura a tsakiyar babin. Nan take na tuna. Ana gab da kai littafin maɗaba'a ya kawo mini ita, ƙarin magana ce a kan wata rijiya, ya ce in saka ta a matsayin ta bakwai. Na saka maganar a cikin babin, na bi duk lambobin da ke bayanta na ƙara musu ɗaya ɗaya da hannu, amma na manta ban saka sabuwar madogarar a jerin baya ba. Ma'ana, daga ta bakwai zuwa ƙarshen babin, kowace magana tana nuna sunan wanda ya faɗi ta gaba da ita, ba wanda ya faɗe ta ba.

Mafi yawansu ba su da wata illa, maganar iri ce da ta ruwa. Amma ta goma sha ɗaya ba haka take ba. Tana magana ne a kan wata fadama a wani ƙauye kusa da Dakko, ba zan kama sunansa ba, inda aka ce babban gidan da ke riƙe da ita ba gadonsu ba ce, aro aka ba kakansu. Wanda ya duba lamba goma sha ɗaya a baya, sunan Malam Jabbi zai gani. A rubutun hannu kuwa, Malam Jabbi bai faɗi komai ba sai sunayen tsofaffin irin shinkafa. Wanda ya yi maganar fadama shi ne Alhaji Sanda, yayan Malam Buhari uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya rasu shekara biyu bayan fitowar littafin.

Na zauna a bakin gado da takardun a cinyata, ina ta duban sunan, domin na san labarin Malam Jabbi. Tsoho ne da ya yi shekaru yana noma wani yanki na wannan fadamar, aron da mutanen wannan gidan suka ba shi. Da littafin ya fito, wani ɗansu ya karanta musu wurin a zaure. Aka kira Malam Jabbi, ya rantse bai faɗa ba, aka nuna masa sunansa a rubuce. Da kaka ta yi suka karɓe gonar, shi kuma ya tattara ya koma wurin ɗansa a Maradun. A wajen wani taron suna na ji labarin a lokacin, kuma na tuna da abin da na ce da bakina: tsofaffi in suka ga mai biro ba sa iya riƙe harshensu.

Ke Hafsatu kina gida lokacin, kin zo wankan jego, kuma ke kika fara ganin fuskata. Da na gaya muku, shawararki ita ce in gyara shiru, na waya ya fita daidai, ba wanda zai ɗauko na takarda ya gwada. Ban ga laifinki ba, sunana kike karewa. Babanku ya gama cin tuwonsa ya wanke hannu.

Ya ce, “Luba, gyara shiru ba ya mai da wa mutum gonarsa, kuma ba ya wanke shi. Sannan littafin ba naki ba ne. Ki je ki gaya wa mai shi tukuna.”

Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Bakura. Na tarar da Malam Buhari a zaurensa yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi babanku da mai jego da jariri, na tambayi iyali da damina. Sannan na shimfiɗa masa takardun, rubutun hannunsa a dama, littafin a hagu, na nuna masa inda hannuna ya zame. Na ce laifina ne, na zo in nemi gafara, kuma in ji yadda za mu yi da Malam Jabbi. Ina jiran ya yi faɗa, ko ya yi salati. Bai ko kalli takardun ba. Ya aje rediyon ya daɗe yana duban ƙofa.

Ya ce, “Na san da shi, Hajiya. Tun satin da anka kawo littafin na gani.”

Na ɗago kai na dube shi. Shi ya ci gaba, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce ranar da ya gani ya yi niyyar zuwa wurina, sai labari ya riga shi cewa mutanen gidan sun fusata. A lokacin yayansa yana kwance ba lafiya, kuma 'ya'yan yayan biyu suna aure a wannan gidan. Ya ce ya yi ta cewa bari ƙura ta lafa, bari yaya ya samu sauƙi, sai yaya ya rasu, sai kuma abin ya yi masa nauyin ɗauka. Ya ce sau biyu yana hawa babur da nufin zuwa Maradun, yana kaiwa mararraba yana juyowa.

Na tambaye shi yanzu yaya za a yi, tunda a waya dole kowace lamba ta kai mutum wani wuri. Ya ce in bar su yadda suke a takarda, in ƙirƙiro wata madogara in cike ta goma sha biyar. Na ce ba zan iya ba. Da ban sani ba, kuskure ne, amma yanzu in na ɗaura sunan tsohon nan da wannan maganar da hannuna, shaidar zur na yi. Sai ya ce to in cire madogaran gaba ɗaya, daga babin farko har na ƙarshe. Wannan ya fi ba ni tausayi, don na san abin da suke a wurinsa. Na ce littafinsa ne, yana da iko ya cire, ko ya cire maganar fadamar ma kanta, amma wannan ba zai wanke wanda aka riga aka shafa wa baƙi ba. Na ce ni dai zan je Maradun in faɗi nawa laifin.

Ya ce, “In kin tafi, sunan yayana za su tambaya.”

Na ce, “Ba zan faɗi sunan kowa ba, Malam. Zan ce ba shi ba ne, kuma ni na jawo.”

Ya ce, “Wanda duk ya iya ƙirga zai ja baya da lamba ɗaya ya gani.”

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun kafin in bar zauren. Ya rako ni har bakin hanya kamar yadda ya saba, amma bai ce in gaida gida ba. Bayan kwana uku Saratu ta zo ta karɓi fayil ɗin da rubutun hannun, idonta duk ya kumbura. Ta ce Baba ya ce a gode mini.

Babanku ne ya raka ni Maradun. Muka yi tambaya har aka kai mu gidan ɗan Malam Jabbi, can bayan gari. Muka same shi a gindin wata bishiyar darbejiya yana tufkar igiya, ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya tafi. Bayan gaisuwa na durƙusa na gaya masa ko ni wace ce. Na yi ta neman yadda zan bayyana wa mutumin da bai taɓa karatun boko ba yadda lamba take zamewa, a ƙarshe na ce masa kamar a jera buhuna ne kowanne da sunan mai shi, sai a cusa wani a tsakiya a manta ba a gyara sunayen ba. Ya gane nan da nan. Ya aje igiyar. Na ɗauka zai tambayi wanda ya faɗi maganar, ko ya yi zancen gonarsa. Ba ɗaya da ya yi.

Ya ce, “To ni mi na ce, a cikin littafin?”

Na buɗe littafin da na zo da shi na karanta masa sakin layin da yake nasa na gaskiya, sunayen irin shinkafar da iyayensa suke shukawa, da wadda ke jure ambaliya, da wadda tsuntsu ba ya so. Yana saurare yana gyaɗa kai, a wuri ɗaya ma ya gyara mini yadda ake faɗin sunan.

Ya ce, “Awo, wanga ni na faɗe shi.” Sannan ya ce, “Shekara tara ina tunani ko na faɗi waccan na manta. In anka nuna maka sunanka a takarda, sai ka fara shakkar kanka. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Na yafe.”

A nan na yi kuka, ni da ban yi ba a Bakura. Kafin mu tashi na rubuta takarda da hannuna, cewa maganar fadama da ke babi na biyar ba Malam Jabbi ya faɗe ta ba, kuskuren mai buga littafin ne, na sa sunana, babanku ya sa nasa a matsayin shaida. Ɗan Malam Jabbi ya kai ta ƙauyen. Gonar ba ta dawo ba, an riga an ba wani, kuma ko an mayar ba shi da ƙarfin noma ta. Amma na ji cewa babban gidan ya aiko mutum biyu suka gaishe shi da ƙaramar salla. Na kuma ji cewa abin da Malam Buhari ya ji tsoro ya faru. An ja baya da lamba ɗaya, an ga sunan Alhaji Sanda, kuma 'ya'yansa biyu da ke aure a gidan sun sha zaman da ba daɗi na tsawon lokaci, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan ma yana wuyana, kuma ban taɓa cewa ba ya nan ba.

Littafin ya fita a waya daga baya, wani ne ya ƙarasa shi a Gusau, ba madogara ko ɗaya. Na buɗe shi sau ɗaya a wayar Hafsatu, na ga tsabtar da na yi wa babi huɗu na farko tana nan, na rufe. Malam Buhari bai sake kawo mini aiki ba, kuma da yake mutane suna ganin girmansa, wasu ma suka janye ba tare da sun san dalili ba. Sau ɗaya muka sake haɗuwa, a wajen wata gaisuwar rasuwa a Birnin Tudu. Muka gaisa cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi idona, na tambayi ƙafarsa, kowa ya tsaya a nan. Da damina ta zagayo aka aiko mana ya rasu.

Har yau in na zauna ina juya abin, ban ga yadda zan yi in ƙi zuwa Maradun ba. Amma ban yarda in ce na fi shi ba, kuma ba na son ku ce haka. Mutum ne da ya tarar da rami an riga an haƙa, ya ga in ya yi magana jininsa ne zai faɗa, ya kasa. Ni na haƙa ramin. In kun haɗu da Saratu ko ƙannenta, ku gaishe su da girmamawar da kuka saba, kuma in kuna yi mini addu'a ku haɗa da mahaifinsu. Shekara tara na yi ina cin abincina da daɗi a kan wannan kuskuren saboda ban san da shi ba. Shi ya sani, kuma shi kaɗai ya ɗauke shi duk tsawon shekarun nan. Allah ya gafarta mana baki ɗaya.